Ƙaramin Mita Mai Raba Gardama

Duk shagon mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola da ka leƙa, daga Sabon Garin Kano har Maraɗi, da wuya ka rasa shi yashe a kan tebur, ya sha ƙura, wayoyinsa biyu, ja da baƙa, sun nannaɗe shi. DT830B ke nan, mitan awon wuta da bai wuce tafin hannu ba. Ni kam ina sonsa, so na fitar hankali, kuma wanda ya raina shi don arharsa wallahi bai san abin da ya raina ba.

Dubi abin da yake yi da batir ɗaya tak mai bolt 9. Yana auna wutar batir da ta sola har bolt 1000, ya auna ta soket har 750. Yana auna yawan wutar batir da ke gudu a waya har amfiya 10. Yana auna turjiyar waya ko ta hita har om miliyan 2. Maɓalli ɗaya ne a tsakiya, kana murɗawa yana ƙas-ƙas, lambobi na fitowa a ɗan gilashinsa.

Amma daɗinsa ba ya fitowa sai ka haɗa shi da lissafin Georg Ohm, malamin makarantar nan Bajamushe da ya koyar a Kolon. A 1827 ya fitar da littafinsa, mutanen ƙasarsu suka yi masa riƙon sakainar kashi, sai a 1841 masana a Ingila suka karrama shi da lambar Copley. Abin da ya gano gajere ne: raba bolt da amfiya, ka sami turjiya. Ƙara da ɗan'uwansa: ninka bolt da amfiya, ka sami wat, wato ƙarfin wutar da abu ke ci. Shi ke nan fa! Da waɗannan biyun da mitan nan, wutar da ido ba ya gani ta zama abin ƙirgawa kamar kwanon gero.

Ɗauki hitar dafa ruwa da aka rubuta wa wat 1000. A wutar gida mai bolt 230, za ta ja amfiya 4.3 da ɗoriya, turjiyarta kuwa wajen om 53. Zare ta daga soket, ka ɗora bakin wayoyin mita a ƙafafun filoginta. Ranar da ka ga lamba kusa da 53 ta bayyana, daidai da abin da ka lissafa da biro a bayan kwali, sai tsigar jikinka ta tashi. In kuwa 1 ce kaɗai ta tsaya a gefen hagu, wayar ciki ta tsinke, babu sauran jayayya da mai gyara.

Ga inda ya fi burge ni. Uwargida na ƙorafin hita ta lalace, ruwa ya ƙi tafasa. Auna soket, ka tarar wuta ta sauko bolt 180. Raba 180 da 53, amfiya 3.4, ninka da 180, wat 610 ko kusa. Hitar lafiyarta lau, wutar ce ta yi sanyi, har kusan kashi 40 cikin 100 na zafin ya tafi. Mutum nawa suka jefar da kaya masu kyau a bola don rashin wannan awon?

Masu sola kuwa, ku ne kuka fi kowa buƙatarsa. Batir bolt 12, kaya na jan amfiya 5, an ja wata siririyar waya mai nisa don tsimin kuɗi. Auna a bakin batir, ka sake aunawa a bakin kayan suna aiki, sai ka ga bolt 2 sun salwanta a hanya. Turjiyar wayar om 0.4 ke nan, kuma wat 10 na ƙonewa a cikinta a banza, kashi ɗaya cikin shida na abin da batir ke bayarwa. Shi ya sa take ɗumi in ka taɓa. Da tsarin bolt 24 ne, amfiyar ta ragu da rabi, asarar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu na ta da. Kai, lissafin nan akwai daɗi!

Ba na ɓoye aibin masoyi. Ba ya auna amfiyar wutar soket, ta batir kawai ya iya. Wayoyinsa ba su da ƙwari, su kansu suna da 'yar turjiya, don haka haɗa bakinsu tukuna ka ga abin da suka nuna kafin ka auna ƙaramin abu. Ramin amfiya 10 a yawancinsu ba fis, in ka manta jar waya a can ka caka a soket, tartsatsi za ka gani. Kada kuma a auna turjiya da wuta a jiki. Manyan allunan wuta na masana'antu ba sa'o'insa ba ne, a bar wa mitocin kamfanin Fluke wannan fagen, mai kuɗinsa ya saya.

Amma ɗalibin kimiyya, da yaron shago mai koyon waya, da magidancin da ya gaji da sayen batir duk shekara, ku tafi kasuwa gobe ku nemo shi. Ku sa mai shago ya gwada muku shi a kan ƙaramin batir kafin ku biya, in ya nuna bolt 1.5 ko sama kaɗan, ku miƙa kuɗi ba ciniki.