Laifin Mai Gadi Ne Ko Na Ogansa?

Makon jiya na raka wani dattijon unguwarmu, tsohon soja da ya yi Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, wani asibitin gwamnati. Ƙafarsa a kumbure, da ƙyar yake takawa. Mai gadi ya hana Keke Napep ɗinmu shiga, wai doka ce. Muna tsaye sai ga wata jibgegiyar mota, ya wangale ƙofa har da sara wa mai ita. Na nemi ogan masu gadin, aka ce ya fita. Haka Baba ya dafa ni muka lallaɓa har ciki.

Ni ban ga laifin yaron sosai ba. Ba wanda ya koya masa bambanta majinyaci da ɗan yawo. Laifin na wanda aka ɗora wa kula da su ne. Shi ya kamata ya riƙa zagaya ƙofofi, ya saurari koke, ya tsawata wa mai kuskure. Amana ce, kuma gobe ƙiyama za a tambaye shi.

A Amurka, asibitocin tsofaffin sojoji har 'yan sandansu gare su na musamman. Mu nan Keffi, ga barikin Shitu Alao a gefenmu, amma sai 15 ga Janairu ake tuna 'yan mazan jiya da furanni.

Jama'a, fure ba ya rage kumburin ƙafa. A liƙa sunan oga da lambar wayarsa a bakin ƙofa, a bar tsoho da gurgu su shiga da abin hawa. Allah Ya sa mu gama lafiya.