Babi na Huɗu: Darajar Kasuwa da Darajar Adabi a Labaran Zane na Sadaukai

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda labaran zane na sadaukai suka samo asali a ƙasar Amurka, da yadda suka bunƙasa a hannun kamfanonin DC da Marvel. Wannan babi zai duba ma'aunin da ake bi wajen cewa mujalla kaza ta cancanci a neme ta a ajiye. Akwai ma'auni iri biyu da sukan cakuɗe a bakin masu ba da shawara, wato na mai tarawa wanda ke duban kuɗin mujalla, da na manazarci wanda ke duban jigo da salo da zubin labari. Za a nuna cewa cakuɗa su ya taɓa jawo wa sana'ar babbar asara, kuma har yanzu yakan ɓatar da sabon mai karatu.

4.1 Ma'aunin Masu Tarawa

Abubuwa uku mai tarawa yake dubawa: ƙarancin mujalla, da lafiyar takardarta, da kuma ko a cikinta ne wani tauraro ya fara fitowa. Babban misali shi ne Action Comics lamba ta 1, wadda ta fito a 1938 a kan santi 10, inda Superman na Jerry Siegel da Joe Shuster ya fara bayyana. An buga kusan kwafi 200,000, amma waɗanda suka rage a yau ba su wuce kamar 100 ba. Dalili kuwa shi ne takardar mai araha ce irin ta jarida, yara ne masu karatun, iyaye kuma sukan zubar, ga gangamin tara tsofaffin takardu da aka yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wanda ya lashe da yawa. A 2024 an sayar da kwafi guda na wannan mujalla a gwanjo a kan dala miliyan 6. Su kuwa Siegel da Shuster dala 130 aka ba su suka sallama haƙƙin mallakar tauraron baki ɗaya.

Idan aka karanta labarin da kansa, shafi 13 ne kacal, zanen ɗanye ne, kuma labarin yana tsalle daga wannan rigima zuwa waccan ba tare da wani ƙulli ba. Muhimmancinsa na tarihi ba abin musu ba ne, sai dai ba ingancin labarin aka saya da miliyoyin nan ba. Haka abin yake ga The Incredible Hulk lamba ta 181 ta 1974. Dambe ne kawai tsakanin Hulk da wani dodo da wani gajeren baƙo a dajin Kanada, amma da yake baƙon nan shi ne Wolverine, kuma nan ne ya fara cikakkiyar fitowa, sai mujallar ta shiga sahun masu tsada.

Littafin farashi na Robert Overstreet, wanda ya fara fitowa a 1970, shi ya daidaita wannan ma'auni. Daga shekarar 2000 kuma kamfanin CGC da ke jihar Fulorida ya shiga tantance lafiyar mujalla yana ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sa'an nan ya rufe ta cikin akwatin roba mai tauri. Duk wanda ya fasa akwatin don ya karanta, shaidar makin ta tashi. Ke nan mujallar da ta fi daraja a wannan tsari ita ce wadda ba za a sake buɗe ta ba.

Duk da haka bai kamata a raina masu tarawa ba. A zamanin da ɗakunan karatu ba su ɗauki waɗannan mujallu a bakin komai ba, su ne suka adana su, kuma da yawa daga tsofaffin labaran da ake sake bugawa a yau daga kwafin da suka ajiye aka ɗauko hotonsu.

4.2 Haukan Saye na 1990 zuwa 1993

Da labarin tsadar tsofaffin mujallu ya bazu a jaridu, sai mutanen da ba su damu da karatun ba suka shiga sayen sababbi, kwafi biyar ko goma na fitowa guda, suna ajiyewa cikin leda da fatan wata rana su yi tsada. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe. Spider-Man lamba ta 1 na Todd McFarlane ya sayar da kusan kwafi miliyan 2.5 a 1990. A 1991 aka fitar da X-Force lamba ta 1 a cikin leda, kowace da kati ɗaya daga cikin katuna iri biyar, don mai tarawa ya sayi biyar. A wannan shekarar dai X-Men lamba ta 1 na Chris Claremont da Jim Lee ya fito da bango iri biyar, ya kuma haura kwafi miliyan 8.

Kallon kitse aka yi wa rogo. Abin da ya sa mujallar 1938 ta yi tsada shi ne babu wanda ya ajiye ta, ita kuwa ta 1991 kowa ya ajiye, cikin leda, ba ko lanƙwasa. Abin da yake a ɗakin kowa ba ya tsada, shi ya sa har yau kwafin X-Men ɗin nan wanda ba a tantance ba 'yan daloli kaɗan ake sayar da shi.

Labarin mutuwar Superman shi ne ƙololuwar wannan hauka, kuma ya cancanci a tsaya a kansa domin a nan ne aka fi ganin yadda kasuwa ta shiga cikin zubin labari. Superman lamba ta 75, wadda Dan Jurgens ya rubuta ya kuma zana, ta fito a watan Nuwamba na 1992, wani bugun a cikin baƙar leda tare da baƙin ƙyallen makoki na ɗaurawa a damtse. Mutane suka yi layi a ƙofar shaguna. Ta fuskar tsari akwai dabara mai kyau: fitowa huɗu na ƙarshe an riƙa rage gidajen zane na kowane shafi, daga huɗu zuwa uku zuwa biyu, har a ta ƙarshe kowane shafi ya zama hoto guda, mai karatu yana jin faɗan yana ƙara girma yana matso shi. Amma jigon ba shi da nauyi. Doomsday, wanda ya kashe tauraron, dodo ne da aka ƙago don wannan aiki kaɗai, a lokacin ba a san asalinsa ba, ba shi da wata manufa, ba shi da tsohuwar gaba da Superman. Mutuwar ba ta fito daga halin tauraro ko wani zaɓi mai wuya da ya yi ba, naushi ne ya fi naushi. Fitowar da suka biyo baya, waɗanda suka nuna jana'iza da halin da iyayen riƙonsa da Lois Lane suka shiga, sun fi ta taɓa zuciya nesa ba kusa ba, amma ba su ne aka yi wa layi ba. Kafin ƙarshen 1993 Superman ya dawo da ransa, waɗanda suka sayi baƙar leda don riba kuwa suka gane abin da suka saya.

Asarar ta fi faɗawa kan masu shaguna, saboda a tsarin rarrabawa na wancan lokaci shago ba ya mayar wa kamfani kwafin da ya yi kwantai. Da masu sayen jiran tsada suka janye, dubban shaguna suka rufe cikin 'yan shekaru. A watan Disamba na 1996 kamfanin Marvel ya nemi kariyar kotu a kan bashi. Gaskiya ne basussukan da Ronald Perelman ya ɗora wa kamfanin, da sayen kamfanonin katuna da ya yi, suna da babban kaso a wannan faɗuwa, amma rushewar kasuwar mujallun ita ta tona asirin sauran.

4.3 Ma'aunin Manazarci

McCloud (1993) ya nuna cewa aikin labarin zane yana faruwa ne a farin filin da ke tsakanin gida da gida, inda mai karatu yake haɗa hoto biyu da tunaninsa su zama motsi ko wucewar lokaci. Idan haka ne, tambayar da ta kamata a yi wa littafi ita ce: me ya yi da shafi wanda zube ko fim ba za su iya yi ba?

Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, wanda ya fito kashi 12 tsakanin 1986 da 1987, ya amsa wannan tambaya fiye da sauran. An gina yawancin shafukansa a kan gida tara, uku a jere sau uku, kamar gidajen dara, ta yadda duk inda aka karya wannan tsari mai karatu zai ji wani abu ya faru. A kashi na huɗu Dr. Manhattan yana zaune a duniyar Mars, shekarun rayuwarsa suna jere a shafi guda, mai karatu yana ganinsu gaba ɗaya kamar yadda shi tauraron yake ganin jiya da yau da gobe. A kashi na biyar tsarin shafin farko ya yi daidai da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, har su haɗu a tsakiya kamar an sa madubi. Jigon kuma mai nauyi ne: wa ya ba mai ƙarfi izinin yanke wa jama'a hukunci, ko da nufinsa ceto ne? Littafin yana da nasa rauni. Matan cikinsa ba su sami zurfin da mazan suka samu ba, kuma yadda aka warware batun yunƙurin fyaɗen da aka yi wa Sally Jupiter abu ne da manazarta suka daɗe suna suka.

Abin lura shi ne tun da aka haɗa shi littafi guda a 1987 ba a daina buga shi ba. Yarjejeniyar marubutan da DC ta ce haƙƙin mallaka zai koma hannunsu idan aka daina bugawa, wannan rana kuwa ba ta zo ba, kuma tana cikin dalilan ɓatawar Moore da kamfanin. A wurin mai tarawa sabon bugun Watchmen ba shi da wata daraja tun da yana ko'ina, alhali mujallar Time ta sa shi cikin ƙagaggun labarai 100 mafiya inganci na Ingilishi a jerin da ta fitar a 2005.

4.4 Inda Ya Kamata Sabon Mai Karatu Ya Fara

Masu ba da shawara sukan yi wani kuskuren na daban, wato miƙa wa baƙo Watchmen ko The Dark Knight Returns na Frank Miller (1986) tun ranar farko. Waɗannan littattafai biyu martani ne ga al'adar sadaukai ta kusan shekara 50, kuma habaici ba ya ratsa wanda bai san da wa ake ba. Wanda bai taɓa sanin Batman a ƙuruciyarsa ba, ba zai ji nauyin ganinsa yana ɗan shekara 55 ya dawo fage bayan ajiye aiki na shekara 10 ba. Ga kuma zubar da jini da ya sa ba su dace da yara ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne labarin da yake da farko da ƙarshe a littafi guda, wanda ba ya bukatar a san abin da ya faru a fitowa ɗari da suka wuce. Batman: Year One (1987) na Miller da David Mazzucchelli ya cika wannan sharaɗi. Rabin labarin ma na ɗan sanda James Gordon ne, mutum mai iyali da rauni irin na kowa, yana fama da cin hanci a cikin rundunarsa, zanen kuma ba shi da hayaniya. All-Star Superman na Grant Morrison da Frank Quitely, kashi 12 daga 2005 zuwa 2008, ya ɗauki jigon mutuwar Superman ɗin nan dai, amma ya sanar da tauraron ajalinsa tun kashi na farko, sai labarin ya koma kan abin da zai yi da sauran kwanakinsa. Idan aka jera shi da na 1992 za a ga bambancin mutuwar da aka rubuta don labari da wadda aka rubuta don leda. Akwai kuma kundin farko na Ms. Marvel (2014) na G. Willow Wilson da Adrian Alphona, labarin Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan a jihar New Jersey, wanda ya ci kyautar Hugo a 2015, ko da yake kundayen da suka biyo baya sun riƙa sarƙewa da manyan rigingimun sauran taurarin Marvel, abin da kan tilasta wa mai karatu neman wasu mujallun kafin ya fahimci nasa.

Dukkan waɗannan ana samunsu a haɗe cikin kundi mai bangon takarda, a kan kuɗin da bai kai na tantance mujalla guda da aika ta da dawo da ita ba. Ɗakin karatun da ke son kafa sashen labaran zane kundayen zai nema, domin mujallar fitowa ɗaya mai shafi 32 da aka ɗinke da ƙusar waya biyu ba ta jure hannun masu aro fiye da 'yan makonni.