Idon Kyamara da Idon Mai Kallo

A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Hukuncin ya tsaya kan jarumar, ya ƙyale kasuwar da ke neman irin wannan hoto. Haka Hollywood ta mayar da Marilyn Monroe haja ta hanyar haske, tufafi da kusantowar kyamara, har ta rasu a 1962. Sha'awa fiɗira ce. Shari'a ba ta kashe ta ba, ta killace ta da aure. Abin zargi shi ne cinikinta. Suratun Nur, aya ta 30, da maza ta fara wajen umarnin runtse ido. Don haka saurayin da ke kallo a wayarsa a Manga, ƙasar Zuru, shi ma abin tambaya ne.