Kan Sarki a Kan Takardar Gona

Akwai masu ilimin tarihi a ƙasar nan da idan aka ambaci tsohon kan sarki sai su yi murmushi, su ce ai wannan wasan 'ya'yan Turawa ne. A wurinsu takardar da ta isa a yi nazarinta ita ce mai hatimin Sarkin Musulmi ko na waziri. Ban raina hatimi ba. Sai dai duk wanda ya taɓa zama kotun alƙali a Talata Mafara ko Bakura ranar shari'ar gona ya san irin takardar da ake zarowa daga ƙasan adaka, kuma ba ta fada ba ce.

Tarihin a taƙaice yake. Wasiƙun Daular Usmaniyya galibi ba su da kwanan wata, hatimin da ke samansu shi ke nuna zamaninsu. In ka ga na Sarkin Musulmi Abdurrahman, ka san kana tsakanin 1891 da 1902, zamanin da Mafara ta yi masa tawaye. Irin waɗannan wasiƙu Turawa suka taras a gidan Waziri Buhari bayan sun ci Sakkwato a 1903, wani Bature mai suna Backwell ya fassara su a 1927, wani masani mai suna Bivar kuma ya yi nazarin hatimai a 1959. Wannan fage ya samu masu shi, daga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu har Arewa House a Kaduna. Kan sarki kuwa ya shigo Arewa a 1900 da hoton Sarauniya Bitoriya, sai na Sarki Edward a 1902, sai na George na Biyar a 1912, kafin haɗewar 1914 ta share sunan Nijeriya ta Arewa daga kansa. Tun farko a jikinsa aka rubuta cewa aiki biyu yake yi: ɗaukar wasiƙa da biyan kuɗin gwamnati. Aiki na biyun shi ne ya kai shi kan rasit, da takardar jingina, da ta cinikin gida.

To, yaya ake karanta shi? Masu tara kan sarki za su ce ka ɗaga shi a rana ka duba alamar da ke cikin takardar, ka ga kambi ɗaya ne ko kambuna barkatai, ka ƙirga haƙoran gefensa. Wannan yana gaya maka kuɗin da zai yi a Landan. Ni abin da na fi so a duba shi ne zanen alƙalamin da aka kashe shi da shi. Ƙa'ida ita ce wanda ya karɓi kuɗi ya manna kan sarki, sannan ya sa hannu da kwanan wata a bisansa, rubutun ya faro daga takarda, ya hau kan sarki, ya sauka a takarda ta ɗaya gefen. Kai ido kusa da inda alƙalami ya hau. Akwai ɗan tudu a wurin, bakin alƙalami yakan yi tuntuɓe, tawada ta taru a gindin haƙoran ta bar ɗigo. A takardar gaskiya layin yana ci gaba a hayin ɗigon, kauri ɗaya, launi ɗaya, duk ya koɗe tare. A ta jabu, wadda aka ɓamɓaro kan sarki daga wani tsohon rasit aka liƙa mata, za ka ga wutsiyar wani harafi ta zo bakin kan sarki ta tsaya cak, babu sauranta a ƙasa. In mai jabun ya yi wayo ya ƙarasa harafin da hannunsa, tawadarsa za ta fi baƙi. Juya takardar ma ka duba bayanta. Ƙaron da ya shekara hamsin yakan huda ya bar tabo ruwan ƙasa daidai girman kan sarkin; na bara bai kai ga haka ba.

Sai batun zamani. Kan sarki yana iya girme wa takarda, domin malamin hakimi kan ajiye saura a aljihun tebur shekara da shekaru, amma takarda ba ta girme wa kan sarkinta. Yarjejeniyar da ta ce an rubuta ta a 1958 dole kuɗinta ya zama fam da sule da kwabon da. In ka ga jerin nan mai hoton kamun kifin Argungu da kiwon shanu, na bayan shigowar naira ne, 1 ga Janairu 1973. Masu zaki da giwaye na tsakiyar shekarun 1960 ne. Tambarin ofis ma haka. Mafara da Bakura da Maradun suna Lardin Sakkwato har 1967, suka shiga Jihar Arewa Maso Yamma, suka koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan Zamfara a 1996. Takardar 1970 mai tambarin Jihar Sakkwato ta tona kanta, haka wadda ta ce 1985 alhali tana ɗauke da tambarin En'e, wadda aka rushe tun 1976.

Mutanen Japan sun riga mu ɗaukar wannan da muhimmanci, wataƙila don tasu matsalar ta fi tamu. Sun fara kan sarki a 1871, na kuɗin gwamnati a 1873, kuma tambarin gidan wayarsu yakan ƙirga shekara daga hawan sarki. In ya ce shekara ta 5, tana iya zama 1872, ko 1916, ko 1930. Zanen kan sarkin da fasalin tambarin su ke raba gardama, shi ya sa ƙwararrunsu ba sa son a raba su da ambulan. Namu masu tarawa kuwa sai su jiƙa takarda a ruwa su ɓare kan sarki, su jefar da sunan mai gona da na shaidunsa. Wannan kamar a yanka saniya ne don a sayar da igiyar.

A ƙasar Mafara abin bai tsaya ga sha'awa ba. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a shekarun 1970, rigimar da ta kai ga zubar da jinin manoma a Afrilun 1980 ta diyya ce da rabon ƙasa: wa ke da wace gona, nawa ce faɗinta. Gonar gado ba ta da takarda, shaidarta dagaci ne da dattawa, su kuwa mutuwa suke yi. Abin da ya saura a hannun talaka shi ne rasit ɗin haraji, da na jangali, da 'yar takardar jingina mai kan sarki da dangwalen babban yatsa. A ciki ake samun sunan ƙauyen da ruwa ya cinye, da farashin fadama kafin zuwan dam, da sunan malamin da ya rubuta, wani da boko wani da ajami. Wasiƙar waziri ba ta faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gidajen adana tarihi suna karɓar ta sarakuna da hannu biyu, ta manoma kuwa tana cikin gwangwanin madara a rataye a tsaiko, gara da ɗigar damina suna rabonta.