Shaida ce ko baje-koli?

Wai yaushe lokacin ba da shaida a majami'a ya koma baje-kolin dukiya? Mutum ya karɓi makirufo, ya ce ya shuka iri, wato ya ba da kuɗi, a hannun fasto, ba a yi wata ba sai ga mota. A yi ta tafi har da guɗa. Na bayansa biza ce ta fito, na uku kwangila. Gwauruwar da ta tako da ƙafa tun daga Ƙofar Dundaye don kuɗin keke-napep ya gagare ta kuwa, tana can kujerar baya tana laluben zunubin da ya sa Allah ya tsallake gidanta.

Motar ba ta dame ni ba, Allah ya sanya alheri. Lissafin ne ke ƙona mini rai: wai yawan abin hannunka shi ne mudun ƙaunar da Allah yake maka. To, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kwanon gero ya fi ƙarfin gidaje da yawa a Sakkwato. Duk bangaskiyarsu ce ta ragu dare ɗaya? Haba jama'a!

Mun san yadda salon ya kafu a ƙasar nan. Benson Idahosa, wanda ya rasu a 1998, shi ya ba shi gindin zama daga birnin Benin, su David Oyedepo suka faɗaɗa shi. Yanzu ya fara leƙowa har tsoffin ikilisiyoyinmu, inda iyayenmu suka yi sujada da Littafin Waƙoƙi da takalmin roba, ba wanda ya ce musu la'anannu. Ayuba fa? Manzo Bulus da ya ci abinci da ɗinkin tanti fa, wane iri ya manta bai shuka ba? Bishop Matthew Kukah, da yake nan Sakkwato tun 2011, idan ya tashi maganar yunwa a saƙon Kirsimeti ko na Ista, masu mulki yake tuhuma, ba addu'ar talaka ba.

Na yarda, talauci ba tsarki ba ne, wanda ya samu kuma dole ya gode. Shi ke nan.

Amma 'yan Zumuntar Mata da ke haɗa ɗari biyu-biyu su biya wa 'yar'uwa kuɗin asibiti, su ba su da shaida? Baba Fasto, Lahadi mai zuwa a miƙa musu makirufon nan. Mai motar ya ɗan jira, ai ba da ƙafa zai koma gida ba.