Dam da Madatsa: Nazarin Kalma Ɗaya Daga Bakin Ruwan Calawa

Idan ka tsaya a tashar Ƙaraye da hantsi, mai babur ya tambayi fasinja ina za shi, aka ce masa "dam", ba zai ƙara wata tambaya ba. Mai tallar soyayyen kifi za ta ce maka karfasar nan ta dam ce, yau aka kamo ta. Manomin rani daga wajejen Turawa ko Sakarma zai ce bana dam ya ja baya da wuri, sai an ƙara tiyo kafin inji ya kai ga ruwa. Mutumin Rogo ma haka yake amfani da kalmar. A duk cikinsu ba mai nufin tulin ƙasa da duwatsun da aka gitta wa kogi. Ruwan suke nufi, shi da bakinsa da kifinsa da danshin da yake bari idan ya janye.

Da yamma kuma ka kunna rediyo ka ji mai labarai yana cewa "madatsar ruwa ta Calawa". Ɗalibin sakandare ya rubuta a littafinsa cewa dam na Ingilishi shi ne madatsar ruwa a Hausa, ya haddace, ya ci jarrabawa. Wannan al'ada ta ɗora kalma a kan kalma, ɗaya ta wancan harshe ɗaya ta wannan kamar ana auna tiya da tiya, ita nake son mu duba. Na zaɓi kalmar dam domin a ƙasar Ƙaraye da Rogo ba baƙuwa ba ce, kuma ina ganin tana nuna inda al'adar take amfani da inda take gazawa.

Abin da ake magana a kansa ba ƙarami ba ne. Kamfanin Julius Berger ne ya gina dam ɗin Calawa tsakanin 1990 da 1992, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Tsayin bangon mita 42 ne, tsawonsa kilomita 7.8. Idan ya cika yana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma kubik mita ɗaya jarka arba'in ce ta mai lita 25. A faɗin Jihar Kano, na Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako ne kaɗai ya fi shi. Ga kuma ƙaninsa na Kusalla nan kusa da garin Ƙaraye.

Ƙamus mai harshe biyu ya daɗe a ƙasar Hausa. Schön ya fitar da nasa a 1876, Bargery a 1934, Abraham a 1949, Roxana Newman ta fitar da na Ingilishi zuwa Hausa a 1990. Waɗannan mutane sun sha wahala, kuma manyan cikinsu ba su tsaya ga kalma ɗaya ba. Wanda ya taɓa buɗe Bargery ya san yadda yake bin kalma lungu-lungu, har da bambancin Kano da Katsina da Sakkwato. Matsalar daga wajenmu ta zo. Mun ɗauki ma'anar farko muka rufe littafin. Yanzu da waya ta shigo, abin ya ƙara taƙaicewa: ka danna kalma, ta ba ka kalma, ka wuce.

To a Ingilishin kansa, me dam take nufi? Da farko bango ne da aka gitta wa ruwa mai gudu. Tana kuma zama aikatau, wato yin datsewar, har a ce mutum ya danne hawaye ko fushi da ita. A Afirka ta Kudu da Ostareliya kuwa, manomi yana kiran ruwan da ya taru a gonarsa dam, daidai da yadda ɗan Ƙaraye yake yi. Saboda haka wanda ya ce mutanenmu sun ɓata kalmar Bature bai bincika ba. Sai wata dam ɗin dabam, rubutu ɗaya, furuci ɗaya, asali dabam: uwar dabba, musamman goɗiyar da ta haifi dokin sukuwa. Wannan daga Faransanci ta shigo, jikar kalmar Latin ce domina, uwargida. Akwai ma ta tsinuwa mai ƙarin harafin n a ƙarshe, wadda kunne ba ya rabe ta da sauran.

Dam ta ruwa gadon gidan su Ingilishi ce, shi da Jamusanci da harshen Holan. Mutanen Holan, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yake ƙasa da teku, sun sa ta cikin sunayen manyan biranensu. Amsterdam dam ne da aka yi wa kogin Amstel a ƙarni na 13, Rotterdam kuma na kogin Rotte. Har yau dandalin tsakiyar Amsterdam sunansa Dam, ko da yake mai tafiya a kansa ba ya ganin ruwa. Amma saboda zamansu da ruwa na kullum ne, ba su bar kalma ɗaya ta yi musu aiki biyu ba. Abin da ya gitta kogi shi ne dam. Abin da ya bi gefen ruwa yana kare gari da gonaki sunansa dijk. Na farko riƙe ruwa yake yi, na biyu korar sa.

Jamusawa kuwa, kakannin kamfanin da ya gina mana namu, sun rarraba abin gunduwa-gunduwa. Bangon ƙasa Staudamm, na kankare Staumauer, ruwan da ya taru Stausee, ginin baki ɗaya Talsperre, wato abin da ya toshe kwari. Stau ɗin nan da ke gaban uku daga ciki ita ce dai kalmarsu ta cunkoson motoci a hanya: abu mai tafiya da aka tsayar ya taru.

Faransanci ne ya fi jan hankalina, domin shi ne 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka karanta a makaranta. Kalmarsu barrage daga barre take, sanda ko ƙarfen da ake gittawa. Da ita suke kiran dam ɗin Kandaji da ake ginawa a kan kogin Neja. Da ita suke kiran shingen jami'an tsaro a kan hanya. Da ita ake kiran wasan ƙwallon raba gardama wanda sai ka ci shi za ka wuce gaba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojan Faransa sun kira ruwan igwa da ake yi don hana abokan gaba matsowa da wannan suna, Ingilishi ya are ta da wannan ma'ana, har yau idan Bature ɗan Ingila ya ji ta luguden wuta ne yake fara zuwa ransa. Ka ga duk inda kalmar ta je, hani take ɗauke da shi. Ba ruwanta da abin da ya taru a baya, wanda aka hana wucewa take kallo.

Mutanen Sifen suna cewa presa, ma'anarta abin da aka kama. Ita ce kalmar abin da shaho ya sura, ita ce ta macen da ke kurkuku. A wurinsu kogin da aka yi wa dam kamamme ne. Suna da wata kuma, azud, maƙwabtansu na Fotugal suna cewa açude, dukansu daga Larabci as-sudd, gadon zaman Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492. Almajirin da ya yi nisa a karatu ya san tushen kalmar daga labarin Zulƙarnaini, kuma da 'yar'uwarta sadd Larabawa ke kiran tsohon dam ɗin Ma'arib na mutanen Saba'i da na Aswan a Masar. Da açude ta ƙetare teku zuwa arewa maso gabashin Barazil, ƙasar fari mai kama da tamu, sai ta tashi daga kan bangon ta koma kan ruwan, kamar dam a bakin ɗan Ƙaraye. Ina ganin ba haɗuwar banza ba ce. Inda rani yake da tsawo, abin da ido ke nema shi ne ruwa, shi ne kuma yake karɓe sunan.

Mu dawo gida. Me ya sa dam ta zauna a bakin Bahaushe ba tare da an ƙara mata wasali ba, alhali banki da benci da kofi duk sai da aka yi musu wutsiya? Ina ganin domin ta tarar da takwararta ne. Tun kafin Bature muna cewa tulu ya cika dam, ciki ya yi dam, gini ya tsaya daram dam, gabana ya yi dam. Cika da ƙarfi da faɗuwar gaba duk suna cikin wannan sauti, kuma duk ukun suna cikin abin da mutum yake ji idan ya hau bangon Calawa a watan Satumba ya dubi yamma. Mutum zai ce "dam ya cika dam" ba tare da ya ji ya haɗa harshe biyu ba.

Madatsa kuwa 'yar gida ce, ƙirarta irin ta marina da majema da mahauta: wurin da ake yin aikin. Aikin shi ne datsewa. Ana datse ƙofa, ana datse hanya, ana datse igiya, mai rake yana datsa rakensa gaɓa-gaɓa. Yankewa da rufewa ke nan, ba tarawa ba. A wannan fuska madatsa ta fi kusa da barrage ta Faransa fiye da dam ɗin bakin mutanen Ƙaraye. Kuma muna da kalma ta uku da masu fassara suka yi sakaci da ita, wato jinga, tulin ƙasar da mutanen Haɗeja da Auyo ke ɗagawa da buhuna da shebur duk damina don kare gari. Jinga ita ce dijk ta Holan ba ragi ba ƙari. Ita ma tana da tagwaye, jingar da ake yi da ma'aikaci a kan aiki kaza kuɗi kaza.

A nan ne na ga babban abin da fassarar kalma da kalma take ɓoyewa. Kowace kalma cikin waɗannan tana gaya maka inda mai faɗinta yake tsaye. Injiniya a kan bango yake, shi ya sa yake rarrabe bango da ƙofa da tafki. Masunci da manomin rani suna bayan bango, a wurinsu dam ruwa ne da abinci. Su ma ba bakinsu ɗaya ba, domin akwai dattawan da gonakinsu na gado da kufan gidajensu suke ƙarƙashin ruwan nan, idan sun ce dam akwai abin da suke haɗiyewa. Sai mutanen gangare. Calawa tana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, su bi ta Wudil su nufi fadamun Haɗeja da Nguru. Can, shekara da shekaru, ambaliyar damina ce take shimfiɗa wa masu shinkafa da masunta da makiyaya arziki, ta janye da rani. Da aka gina Tiga da Calawa, ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacala ta samu abin da take so ta toshe hanyoyin ruwa. Mutumin can idan ya ce madatsa, ainihin ma'anarta yake nufi: an datse masa. Haka manomin gulbin Maraɗi yake duban dam ɗin Jibiya. Najeriya da Nijar sai da suka sa hannu a kan yarjejeniyar rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, a Maiduguri a 1990.

Wani zai ce wannan duk wasan malaman harshe ne. Ban yarda ba, domin akwai ranar da kalma take zama batun rai. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a Agustan 1988. Na Alau ya ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya ci rabin Maiduguri cikin dare. A 2012 da 2022 kuwa ba abin da ya fashe a Lagdo ta Kamaru, ƙofofi aka buɗe, amma garuruwan bakin Binuwai sun sha ruwa. Waɗannan abubuwa dabam-dabam ne: bango ya karye, ko ruwa ya tumbatsa ya bi ta mafitar da aka tanadar masa, ko ma'aikata sun saki ruwa da gangan. Kowanne da irin gudun da yake bukata da irin lokacin da yake bayarwa. Duk da haka, da damina ta yi nisa sai ka ji saƙon murya yana yawo a WhatsApp cewa "dam ya fashe", alhali tumbatsa ya yi. Idan aka tayar da mutane sau biyu a kan ƙarya, ran na uku ba za su tashi ba. Harshen da yake kiran bango da ruwa da ƙofa da suna ɗaya yana bukatar mai sanarwa ya ƙara kalma, kuma muna da kalmomin. Bangon da ya kai kilomita bakwai da ɗoriya ganuwa ce, kowa ya san ganuwa a ƙasar Kano. Ruwan tafki ne. Akwai mafita, akwai ƙofa, akwai jinga.

Malamanmu na zaure sun fi mu sanin wannan aiki. Su ma kalma da kalma suke fassara littafi, almajiri ya ja baƙi malam ya ba shi Hausa. Amma malam ba ya barin sa a nan. Idan aka zo kan kalma irin ainu, zai tsaya ya ce ido ce, idon ruwa ce, ɗan leƙen asiri ne, zinariya ce, ainihin abu ce, sannan ya nuna wadda ake nufi a wannan layi da dalilin haka. Wannan tsayawar ce boko ya yar, ya riƙe rabin farko na al'adar. Da ni malamin Hausa ne ko na Ingilishi a wata sakandare a Ƙaraye ko Rogo, da na ɗebi ɗalibai rana ɗaya mun je bakin ruwa. In tsayar da su a kan bango su dubi bayansa, su juya su dubi siririn ruwan da ke fita ta ɗaya gefen ya nufi Kano, in ce kowa ya rubuta sunan abin da ya gani. Daga nan mu sauka wajen masunta, inda ake jan kwale-kwale, su tambayi Sarkin Ruwa yadda shi yake kiran kowane sashe, da abin da ake kiran wurin kafin 1990.