Jinjina ga Masu Faɗaɗa Zamanin Wasa

Wasan kwamfuta na Europa Universalis IV, wanda kamfanin Paradox ya fitar a 2013, yana damƙa wa ɗan wasa ragamar daula daga 1444 zuwa 1821, ciki har da Borno, Kano da Katsina. Wannan iyaka tana yanke labari tun kafin Rabe ya ci Borno a 1893, balle ƙaurar fadar Sarkin Fika zuwa Potiskum a 1924. Masu kwaskwarima, wato 'yan sa-kai da ke sauya fayilolin wasan, sun cancanci jinjina, domin aikinsu mai suna Extended Timeline ya kai wasan har zamaninmu, ya kuma ja farkonsa zuwa shekara ta 2 miladiyya, wanda ya sa dole suka sake zana iyakoki, suka jeranta sarakunan dauloli ƙarni bayan ƙarni.